Jan Ƙyalle a Goshin Jalaja

Pappan ya fi shekara talatin yana kallon ƙeyar matarsa. Ba zolaya nake yi ba, aikinsa ke nan. Makaɗin mizhavu a bayan mai wasa yake zama, ya rungume ƙaton tulun tagulla tsakanin cinyoyinsa yana dukan fatar da aka ɗaure a bakin tulun da tafin hannu, ita kuwa tana gaba ta fuskanci fitila da jama'a. Fuskar nan ta Jalaja da mutane ke niƙo gari daga garuruwa masu nisa don su gani, shi bai cika samunta ba sai a gida, lokacin da take masa faɗan ya bar jiƙaƙƙen tawul a kan gado. Amma daga motsin jijiyar wuyanta kawai yakan san idonta ya juya hagu ko dama, ya san ta zama sarki ko ta koma baiwa, hannunsa ya bi ta. Aibinsa ɗaya, gaggawa.

"Pappetta, jirgin ƙasa za ka tara ne?" Haka take ce masa duk ranar da aka tashi daga wasa. "Ina ɗaga dutse a hankali, kai har ka kai shi gida ka ajiye."

"Dutsen naki ne ya cika nauyi. Mutane na da aikin yi gobe."

Wasan nasu na mata ne, mace ɗaya tak a gaban fitilar tagulla mai cin man kwakwa. Ba ta magana sai ɗan baiti can ba a rasa ba. Da hannu da ido da gira take ba da labarin duka, ta zama uwa, ta zama ɗa, ta zama kogin da ya raba su. Matan gidan su Jalaja a ƙauyen Manakkara sun gaji wannan tun kaka da kakanni, daga uwa zuwa 'ya, kuma su kaɗai ke da izinin hawa dandalin da ke cikin haikali.

Jalaja ba ta samu daga uwarta ba, don tana ƙarama uwar ta rasu wajen haihuwar ƙanwarta Remani. Yayar uwar ce ta ɗauke su, Ammukutti, wadda duk ƙauyen ke kira Valyamma, wato babbar inna, kamar ita ta haifi iyayensu. Siririyar mace ce, mai baki kamar reza, kuma ba wanda ya taɓa jin ta yabi wani abu, ko da miyar da ita ta dafa. Tun asuba takan tashi Jalaja, ta ɗiga mata man shanu a ido, ta riƙe fatar idon a buɗe da yatsa, ta ce ta bi ɗan yatsanta: sama, ƙasa, kewaye, kewaye, har hawaye ya wanke mata fuska. Daga nan sai tsayuwa, gwiwoyi a lanƙwashe a buɗe, baya a miƙe, kamar mai shirin zama a kujerar da babu ita.

"Valyamma, ƙafata na rawa."

"Bar ta ta yi rawarta, ai ita kaɗai ta iya rawa a jikinki. Ido nan! Kada ki ƙifta. Ki tara numfashinki ki kai shi cikin ido, ki riƙe shi a can. Wanda ya iya riƙe ido ya iya riƙe komai."

Da haka ta girma. Ta yi makaranta, ta wuce jami'a, ta yi shekaru tana bin tarihin wasan matan har aka ba ta digirin dokta. Ranar da labarin ya iso Manakkara, Valyamma na zaune tana kankare kwakwa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wai dokta! To wa za ta yi wa allura? Ku ce ta zo ta duba min ƙugu."

Amma da yamma Pappan, wanda a lokacin sabon ango ne, ya kama tsohuwar a bayan gida tana nuna wa maƙwabciya hoton a jarida, tana cewa, "Hancin nan nawa ne." Da ta gan shi sai ta murtuke ta tambaye shi ko ba shi da aikin yi.

Jalaja ta yi wasa a manyan birane, ta haye teku ta yi a gaban mutanen da ko gaisuwar yarenta ba su sani ba, suka yi kuka shaɓe-shaɓe. Ta dawo ta buɗe makaranta a rumfar bayan gidansu, ta ce duk yarinyar da ke so ta zo, ko 'yar wace ce. Tabɗijam! Dattawa suka ce ta zubar da mutuncin gida. Ta yi kunnen uwar shegu da su. 'Yar direba ta zo, 'yar tela ta zo, har Shirli ta zo, 'yar wani Kirista mai sayar da kifi, wadda yanzu ita ma malama ce da 'ya'yanta biyu, kuma duk cikinsu babu mai idonta. Sai dai duk iyawarsu a dandalin gari take ƙarewa. Na haikali na 'yan gado ne, Shirli kuwa ko ƙofar ba za ta tsallaka ba. Abin yana min ciwo har gobe, amma ba ni na kafa dokar ba.

Akwai wani wasa guda da ya hana Jalaja barci tun tana budurwa, wasan uwar goyo. Labarin wata mata ce da ta raini ɗan da ba ita ta haifa ba, har ranar da danginsa suka aiko a kai shi, ta raka shi bakin kogi ta sa shi a kwalekwale. Tsofaffi suna ambatonsa da ƙasa-ƙasa da murya, suna cewa wanda bai gan shi ba bai ga wasa ba. Amma an kusa shekara hamsin ba a yi shi ba. Jalaja ta sa shi a gaba. Duk hutu, ita da Pappan suna cikin motar haya suna neman tsofaffin matan da suka taɓa gani ko suka taɓa koyo. Wata ta tuna yadda ake shafa wa yaron mai a ka, wata ta tuna tafiyar zuwa kogi amma ƙafafunta sun mutu, sai da yatsu biyu ta yi tafiyar a kan tabarma. Wata kuma ta rikice, ba ta gane 'ya'yanta ba, amma da Pappan ya ɗan buga mata a gindin tukunya sai hannayenta suka tashi da kansu suka ɗaure ƙunshin guzuri. Guntu-guntu Jalaja ta harhaɗa shi, kamar mai ɗinka tsumma, sai ƙarshen ne ya gagara. Duk wadda aka tambaya amsarta ɗaya: "Ƙarshen ai yana gidanku. Ammukutti ce ta yi shi na ƙarshe."

Valyamma kuwa ko sunan wasan ba ta yarda a kama a gabanta ba. Kowa a Manakkara ya san dalili. A al'adarsu, in mutum ya mutu, pula, wato ƙazantar mutuwa, ta hau kan duk dangin da suka haɗa uwa, ba mai shiga haikali sai kwanakin makoki sun cika. Mai wasa kaɗai ta tsira, ita ma da sharaɗi. Kafin ta fara kwalliya takan zauna gaban fitila ta ɗaura wani jan ƙyalle a goshi, kuma daga lokacin ta daina zama 'yar gidansu, ta zama ta wasan. Ko wa ya mutu ba a gaya mata, pula ba ta taɓa ta, sai ta kwance shi da hannunta. To ranar da uwar Jalaja ke naƙuda, Ammukutti na kan dandali da ƙyallen nan a goshi tana wasan uwar goyo. Ƙanwar tata ta yi ta kiranta har rai ya yi halinsa, ba wanda ya je ya faɗa mata. Ta gama, jama'a na ta sa albarka, ta kwance ƙyalle tana murmushi, sannan aka gaya mata. Tun daga ranar ta tsine wa wasan, ta tsine wa ƙyallen da wanda ya ƙago shi.

Jalaja ta roƙa, ta yi fushi, ta yi kuka, ta turo manya. A banza, wai an tsikari kakkausa. Sai da tsufa ya kwantar da Valyamma, ta koma ba ta iya tashi sai an tallafe ta, sannan wata safiya Jalaja na ba ta kunun shinkafa sai tsohuwar ta ture cokalin.

"Ke wai ba kya gajiya? Kira min mai gaggawar nan ya kawo tulunsa."

A kwance ta koyar da shi, da ido kaɗai, don hannun ya daina ɗaguwa. Pappan na bakin ƙofa yana bugu a hankali, karon farko yana ganin wasa ta gaba. Ya ga idon tsohuwar ya sauka kan yaro a cikin kwalekwale, a nan kusa da ƙafar gado, ya ga kwalekwalen ya fara nisa, ya wuce bango, ya wuce itatuwan kwakwa, ya ƙanƙance. Wallahi sai da ya waiwaya ya duba bayansa.

"Kada ki yi kuka," in ji Valyamma. "Nan ne duk suke ɓatawa. In ya waiwayo ya ga hawaye zai diro ya dawo, ya rasa rabonsa. Murmushi za ki yi, ki riƙe ido, har sai ya ɓace. Bayan nan ki yi abin da kika ga dama."

Wasan ya cika, saura wurin yi. Jalaja ta dage sai a haikalin da aka yi shi na ƙarshe, can wani gari a ƙetaren kogi, tafiyar wuni guda in hanya ta cushe. Kwamitin haikalin ya yi ta ja mata rai, yau a ce sai an tambayi mai duba, gobe a ce sai an gyara rufi. Ana cikin haka gwiwoyinta suka ce sun gaji. Shekara arba'in da wani abu na zama a kujerar da babu ita ba wasa ba ne. Likita ya ce aiki za a yi, kuma ya faɗa mata gaskiya: za ta yi tafiya lafiya lau, amma tsayuwar nan ta wasa ta yi ban kwana da ita. Ta roƙe shi ya ɗaga mata har bayan bikin haikali. Kwamiti ya ba ta rana ɗaya a cikin bikin. In ta wuce, shi ke nan, don a gidansu babu sauran mace mai wasa, Remani aikin jinya ta koya.

Ana gobe za a yi, jikin Valyamma ya ɗan yi nauyi. Jalaja ta tsaya a kanta da jaka a hannu tana jan ƙafa.

"Me kike kallo? Ban mutu ba. Tafi ki ba ni wuri, kin tare min iska."

Suka tafi. Washegari Jalaja ta wuni da azumi, ta yi wanka a tafkin haikali, ta shiga ɗakin kwalliya ta zauna gaban fitilar da ba a kunna ba, jan ƙyallen na ninke a kan cinyarta. Ba a kunna wannan fitila da ashana. Sai an buɗe ɗakin tsarki da yamma, mai hidimar haikali ya ɗebo wuta daga ciki ya kawo. Kafin nan ba ta da ikon ɗaurawa.

Rana ta karkata, Pappan na shafa fatar tulunsa, sai wayarsa ta yi motsi a ƙugu. Ya fita bayan katanga ya amsa. Remani ce.

"Pappetta, tafiya take yi. Tun azahar numfashi ya sauya. Ni na san wannan numfashin, ba ya kai awa guda, amma ga shi har yanzu. Ta ƙi maganin barci, ta ƙi ruwa. Ta kafa ido a bango, ba ta ƙifta ba, na rantse maka ba ta ƙifta ba! Abu ɗaya take ta tambaya."

"Me take cewa?"

"Bari in sa mata a kunne."

Ya ji wani gurnani kamar ana jan tabarma a kan yashi. Can sai muryar ta fito, siririya, amma rezar na nan.

"Pappa. Ta ɗaura?"

"Tukuna, Valyamma. Wuta muke jira."

"In ka buɗe mata baki, ban yafe ba."

Ya tsaya riƙe da waya yana kallon motar da ta kawo su, direban na barci a ciki da ƙafa a kan taga. In ya shiga ya faɗa, ya san matarsa, ko takalmi ba za ta tsaya nema ba, kuma wa ya sani, wataƙila ta tarar da ita da rai. In ya yi shiru, ya hana ta ganin uwar da ta raine ta, abin da aka yi wa Valyamma shi zai yi mata da hannunsa. In kuma tsohuwar ta cika kafin wuta ta iso, pula ta riga ta sauka, dole ya faɗa, an yi biyu babu. Gaba kura, baya sayaki. Bai taɓa jin ya tsani wani abu kamar yadda ya tsani ƙofar ɗakin tsarkin nan da ke rufe ba.

Ya je ya sami mai hidimar, wani dattijo mai tumbi da ke zaune yana tsinke furanni ɗaya bayan ɗaya.

"Tirumeni, ranka ya daɗe, a taimaka a ɗan yi sauri."

"Kai dai, Pappan! A kiɗa gaggawa, a nan ma gaggawa? Ƙofa tana da lokacinta. Ko kakana bai buɗe ta kafin lokaci ba."

Ya koma bayan katanga. Wayar ta sake motsi. "Ta ɗaura?" Tukuna. Ya leƙa ɗakin kwalliya, Jalaja na zaune ido rufe, leɓenta na motsi. Ya fito. Wayar ta sake motsi, wannan karon Remani ce ke tambaya a madadinta, don muryar ta ƙare, sai leɓe. "Har yanzu idon a buɗe yake, Pappetta. Ina jin tsoro. Ban taɓa ganin irin wannan ba, kuma gawa nawa na rufe wa ido." Mutumin da bai cika damuwa da ibada ba, ranar sai ga shi ya kifa goshi a katanga yana cewa, Ya Ubangiji, ka ara mata kaɗan.

Sai ƙararrawa ta kaɗa. Aka buɗe ƙofa. Dattijon ya fito da 'yar wuta a tafin fitila, yana kare ta da hannu, yana takawa kamar mai tsoron ya farkar da ƙasa. Pappan na biye da shi, ji yake kamar ya sungume shi ya ruga. Aka kunna. Jalaja ta buɗe ido, ta taɓa ƙasa ta taɓa goshi, ta ambaci malamarta, ta ɗaga jan ƙyallen ta zagaya shi a kanta ta ƙulle a ƙeya. Ƙeyar da ya sani fiye da tafin hannunsa.

Ya fita da gudu, ya kira Remani.

"Sa mata a kunne. Valyamma! Ta ɗaura. Ta ɗaura, da idona na gani."

Sai ya ji Remani ta ja numfashi.

"Ta lumshe ido," in ji ta. Can kuma ta ce, "Pappetta, ta tafi."

Matar da ta yi shekara hamsin tana tsine wa ƙyallen nan, yau ita ce ta riƙe ranta da ido tun azahar tana jiran a ɗaura shi. Tsoro ya kama shi, irin wanda ke kama mutum in ya ga abin da ya fi ƙarfinsa. Ya wanke fuska a famfo, ya kashe wayar, ya shiga ya hau kujerarsa a bayan tulu.

Zauren ya cika maƙil lokacin da rana ta faɗi. Aka janye labule, ga Jalaja da jan kambi da fararen tufafi, ta sauka cikin tsayuwar nan kamar gwiwoyin na budurwa ne. Pappan ya ɗaga hannu ya sauke.

Ta tashi yaron daga barci. Babu yaro, amma kowa ya ga ta ɗaga shi, ya ga yana mutsu-mutsu yana ƙin wanka. Ta shafa masa mai a ka, ta tsefe wani ƙulli a gashinsa, ya yi ƙara, ta hura masa wurin. Matan da ke gaba suka yi dariya, don kowace ta san wannan ƙullin. Ta ɗaure guzuri a ganyen ayaba, ta kwance ta ƙara, ta sake kwancewa ta ƙara. Ta kama hannunsa suka kama hanya, tana nuna masa tsuntsu, tana nuna masa saniya, duk don hanya ta yi tsawo. Pappan na biye, kuma yau hannunsa ya ƙi gudu. Kowane bugu sai ya ji kamar daga rijiya yake jawo shi.

Suka iso bakin kogi. Ta ɗaga yaron ta sa a kwalekwale, ta zare yatsunta daga nasa ɗaya-ɗaya. Sannan ta tsaya cak, komai na jikinta ya mutu sai ido. Pappan ba ya ganin fuskarta, amma yana ganin ta jama'a, kuma labarin zuciya a tambayi fuska. Ya ga bakuna a buɗe. Ya ga wani tsoho ya juya ya dubi ƙofa, wata mata ta bi shi, sai ga rabin zauren na waiwaye suna neman kwalekwale a cikin duhun farfajiya. Shugaban kwamitin nan da ya yi ta ja mata rai ya toshe baki da mayafinsa. Jijiyar wuyanta ta miƙe tana rawa, ya san murmushi take yi, ya san ba ta ƙifta ba. Ya rage bugu, ya rage, har ya koma da yatsa ɗaya, har ya daina. Tsit kake ji, sai ƙarar lagwani na cin mai. Ban san iya lokacin da aka ɗauka a haka ba, kuma duk wanda ya ce maka ya sani ƙarya yake yi.

Nan ne wurin da Valyamma ta ce mata ta yi abin da ta ga dama. Kowa na jiran kuka. Jalaja ba ta yi ba. Ta sunkuya ta taɓa ƙasa, ta juya ta fita.

A ɗakin kwalliya ɗalibanta suka cire mata kambi da awarwaro, suka goge fentin fuska da man kwakwa. Ɗaya ta kai hannu ƙeyarta, Jalaja ta riƙe hannun. Pappan na tsaye a bakin ƙofa, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Kada ka ce komai, Pappetta," in ji ta, ba ta ko juyo ba. "Shekara talatin kana riga ni isa gida. Yau tun bugun farko kake bina a baya kamar mai rakiyar gawa."

"Jalaje..."

"Na ce kada ka faɗa. Muddin ƙyallen nan yana kaina ba ta mutu ba. Ina Shirli?"

Shirli na waje, bakin babbar ƙofa, inda ta tsaya tun yamma tana sauraron kiɗa ta saman katanga. Jalaja ta miƙe, gwiwoyin yanzu sun dawo nata, sai da ta dafa kafaɗar mijinta. Ta ratsa farfajiya da jan ƙyalle a goshi, mutane na darewa. Wani ɗan kwamiti ya buɗe baki zai ce ba a fita da shi waje, dattijon mai wuta ya daka masa harara, ya haɗiye maganarsa.

A ƙarƙashin fitilar titi, kusa da mai sayar da gyaɗa, ta tsayar da Shirli da sauran ɗaliban a gabanta.

"Malama, ki zauna mana, ƙafarki..."

"Rufe min baki. Ido nan! Yanzu yana cikin idona da zafinsa, gobe ban san abin da zai rage ba. Ga yaron, ga kwalekwale. Kada ki ƙifta. Ki tara numfashinki ki kai shi cikin ido."

Pappan ya kifa wani bokitin roba da ya gani a gefen hanya ya tsuguna yana bugawa a hankali. Daga inda yake yana ganin fuskarta sosai. Ta yi musu sau ɗaya, ta sa Shirli ta yi, ta ce, "Kin yi kuka da wuri, ya diro ya dawo, kin cuce shi. Sake." Shirli ta share ido ta sake, ta sake, har kwalekwalen ya wuce shagon mai shayi ya ɓace a kwanar hanya, mai gyaɗa ya miƙa wuya yana dubawa.

Jalaja ta gyaɗa kai. Ba ta yaba ba, gidansu ba a yabo. Ta kai hannu biyu ƙeyarta, ƙullin ya jiƙe da gumi ya ƙi kwantuwa, ta yi ta fama da shi, ba wanda ya isa ya taimaka mata. Da ya kwance ta ninke shi a hankali ta riƙe a hannu, sannan ta dubi mijinta.

"To, faɗa min."

"Valyamma ta rasu, Jalaje. Ta jira sai da kika ɗaura."

Ta zauna a ƙasa a bakin titi ta fasa kuka, irin na yarinyar da aka ɗiga wa man shanu a ido. Pappan ya bar ta da ɗalibanta, ya tafi ya tashi direba.